Nauyin dodo: yadda mutum cikin rigar roba ke zama tan dubu 20, da abin da masoyan Godzilla ke faɗa a kai

Manyan dodannin finafinai irin su Godzilla, Japanawa suna kiran su kaiju, ma'ana baƙuwar dabba. Mu kalmar da ta fi kusa a bakinmu ita ce dodo, sai dai dodon tatsuniya yana da magana, yana ƙulla alkawari da mutum, har a yi masa wayo a tsere. Wannan kuwa bai ma san kana nan ba. Yana taka gidanka ne kamar yadda kake taka gidan tururuwa a hanyarka ta zuwa kasuwa, ba gaba ba ƙiyayya. Tsoron da finafinan nan ke sayarwa ke nan, kuma yana tsayuwa ne a kan abu guda: idon mai kallo ya yarda cewa abin nan yana da nauyi. Muddin ido ya yarda, za a yafe wa fim wayar da ta fito fili da zif ɗin bayan riga. Ranar da ya ƙi yarda, ko dala miliyan 200 aka kashe, wasan yara ake kallo. Mafi yawan cacar bakin da masoyan waɗannan finafinai suke yi, idan aka bi diddiginta, a nan take komawa.

A zahiri dabba irin wannan ba za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba, kuma lissafin ba wuya. Ɗauki mutum mai tsayin mita 2 da nauyin kilo 100, ka ninka tsayinsa sau 25 ya kai mita 50, tsayin Godzilla na farko. Faɗinsa da kaurinsa su ma sun ninku sau 25, saboda haka nauyinsa ya ninku sau 15,625, ya haura tan 1,500. Amma ƙarfin ƙashi yana bin faɗin bakinsa ne idan an yanka shi, wannan kuwa sau 625 kawai ya ƙaru. Kowane ɗan yanki na ƙashin ƙafarsa yanzu yana ɗauke da ninki 25 na kayan da ya saba. Kafin ya ɗaga ƙafa ya karye. Shi ya sa dabbar da ta fi kowace girma a duniya, kifin wel mai kaiwa mita 30, a teku take zaune inda ruwa ke tallafe ta, giwa kuma da tan shida kacal ba ta iya tsalle. Kamfanin Toho na Japan, mai shirya finafinan Godzilla, bai ma tsaya a tan 1,500 ba, tan dubu 20 ya rubuta wa dodonsa. To aikin mai shirya fim shi ne ya sa ka ji wannan tan dubu 20 a ƙirjinka, ka manta cewa ba mai yiwuwa ba ne.

Hanyoyi biyu aka fara da su

Ta farko ita ce ta King Kong na 1933. Willis O'Brien ya yi aiki da ɗan mutum-mutumin goggon biri mai tsayin kamar santimita 45, ƙashinsa na ƙarfe mai gaɓoɓi, an lulluɓe shi da roba da fatar zomo. A motsa hannunsa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa, a sake ɗauka. Hoto 24 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya, don haka minti guda na faɗa yana cin hoto 1,440. Duk wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga gashin Kong yana rawa kamar iska na kaɗa shi. Sawun yatsun masu motsa shi ne, kowane taɓi yana kwantar da gashin wani wuri daban. Kuskure ne, amma masu kallo sun ɗauka tsigar jikin birin ce ke tashi don fushi.

Eiji Tsuburaya, wanda ya jagoranci dabarun hoto a Toho, wannan hanya ya so bi a 1954. Da aka lissafa girman aikin da yawan ma'aikatan da yake da su, sai aka ga zai ci shekaru, shi kuwa watanni aka ba shi. Dole ce ta haifar da hanya ta biyu: a ɗinka wa mutum rigar dodo, a gina masa ƙaramin birnin Tokyo a ma'aunin ɗaya bisa 25, ya shiga ya tattake.

Rigar farko azaba ce. An yi gindinta da gora da ragar waya, aka cusa auduga, aka shafe ta da wani irin roba da ke sandarewa idan ya bushe. Nauyinta ya kai kilo 100, kuma ta yi tauri har mai sanye da ita bai iya taku sosai ba, sai da aka raba ta biyu, ana amfani da ƙafafun daban da saman daban don hotunan kusa, aka ɗinka wata mai ɗan sauƙi. Kan ɗan wasan yana cikin wuyan dodon ne, yana leƙe ta wasu 'yan huji, kan dodon kuma yana zaune a bisa nasa, ana buɗe bakin da waya daga waje. Haruo Nakajima, wanda ya sa rigar daga 1954 har 1972, mintuna kaɗan yake iya yi a ciki kafin a zaro shi, a juye gumin da ya taru a ƙafafun rigar. Don ya koyi tafiya, gidan namun daji na Ueno ya riƙa zuwa yana kallon giwaye da beyar, yadda suke sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, da yadda kai ke juyawa kafin jiki ya biyo. Nauyin rigar ma ya taimaka masa. Mutumin da ke ɗauke da buhun masara a jikinsa ba sai an ce masa ya yi tafiyar ƙasaita ba.

Sai dai riga kaɗai ba ta isa, domin akwai abin da ba ya karɓar cin hanci, wato faɗuwar abu ƙasa. Dutsen da ya faɗo daga mita 50 yana ɗaukar daƙiƙa uku da ɗan ɗoriya kafin ya dira. Wanda ya faɗo daga mita 2, a kan ƙaramin birnin, bai wuce kashi biyu bisa uku na daƙiƙa ba. Ido ya san wannan ko mai shi bai taɓa shiga aji ba. Yana ganin bene ya rushe cikin ƙiftawa sai ya ce kwali ne. Maganin shi ne a gudu da kyamara fiye da ƙa'ida, sannan a nuna hoton a gudun da aka saba, komai ya koma tafiyar hawainiya. Ninkin da ake bukata shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin: a ɗaya bisa 25, sau biyar ke nan, hoto 120 a daƙiƙa maimakon 24. A aikace sukan tsaya a ninki biyu ko uku don tafiyar dodo, su ajiye babban gudu don rushewar gini da fashewa.

Nan kuma wata matsalar ke ɓullowa. Kyamarar da ke gudu sau uku, kowane hoto kashi ɗaya bisa uku na haske yake samu, sai an ƙaro fitilu. Ana kuma so gaba da bayan ƙaramin birnin duk su fito tar, don idan baya ya yi dishi-dishi nan take ido ke gane ƙaramin abu ne aka matso, wannan ma sai an tsuke idon kyamara an ƙara wasu fitilun. Duk zafin nan a kan mutumin da ke cikin roba yake sauka. Shi kuma dole ya yi motsinsa da sauri fiye da yadda za a gani, yana lissafin yadda zai kasance bayan an rage gudun. Abin da ke faruwa idan aka kuskure lissafin yana nan a fim na biyu, na 1955: an saita wata kyamara a hankali maimakon da sauri, sai faɗan Godzilla da wani dodo mai suna Anguirus ya fito a gaggauce kamar na karnuka biyu a bola. Tsuburaya ya bar shi haka. Har yau masoya sun rabu a kansa, wasu na cewa ya fi kama da faɗan dabbobi na gaske, wasu na cewa nan take dodannin suka koma girman akuya.

Gine-ginen kuwa da filasta ake yin su, sirara, a tsattsaga su tun kafin ɗauka a wuraren da ake so su karye, a sa ɗakuna da tarkace a ciki don kada a ga fanko idan sun buɗe, a barbaɗa gari don ƙura. Sau ɗaya ake taka su. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓe ko wutsiya ta share layin kafin lokaci, aikin makonni ya tafi. Turakun lantarkin da suka narke a fim ɗin farko da kaki aka yi su, aka hura musu zafi har suka lanƙwashe. Abu biyu ne ba sa yarda a ƙanƙanta su, ruwa da wuta. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a teku ko a baho, saboda haka idan dodo ya taso daga ruwa sai ka ga ɗigo mai girman mota yana gangarowa a jikinsa. Dalilin da ya sa Toho ta haƙa ƙaton tafki a harabarta a 1960 ke nan, don igiyar ruwa ta samu filin da za ta yi kama da ta teku. An rushe shi bayan fim ɗin 2004. King Ghidorah mai kai uku, wanda ya fara fitowa a 1964, ya fi kowa wahala: mutum ɗaya a ciki ba hannuwa, sai gungun ma'aikata a saman rufi suna jan wayoyin kawuna uku da fukafukai biyu da wutsiya biyu, kuma wuyoyin suna yawan sarƙewa da juna.

Kuka ma sai da aka ƙera shi. An gwada muryoyin dabbobi, duk suka fito da kamar abin da kunne ya sani. Akira Ifukube, mai kiɗan fim ɗin, ya sassauta tsirkiyar ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, aka sa safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro aka ja ta a kan tsirkiyar, sannan aka rage gudun faifan. Wannan ƙara mai kama da ƙarfe na kuka ita ce muryar Godzilla har gobe, kuma duk wanda ya taɓa ta sosai sai ya ji daga masoya.

Nauyi na biyu

A ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, ƙarfinsa ya zarce abin da aka yi hasashe. Tokar gubar ta zubo wa wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, mai mutum 23. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni. A farkon Nuwamba fim ɗin Godzilla na farko, na darakta Ishiro Honda, ya fito, kuma abin da ya buɗe da shi shi ne jirgin ruwa da wani haske ya cinye a tsakiyar teku. Shekara tara kacal bayan Hiroshima da Nagasaki da ƙona Tokyo, ba wanda ke zaune a sinimar nan da ke bukatar a yi masa fassara. Mutum sama da miliyan tara suka sayi tikiti.

Dodon kansa bai cika minti goma a allo ba. Abin da ya cika fim ɗin shi ne abin da ya bari. Akwai wata uwa a rakuɓe jikin bango a unguwar Ginza ta Tokyo, wuta na ci ta ko'ina, ta rungume 'ya'yanta tana gaya musu saura kaɗan su je wurin babansu. Washegari a asibiti likita ya kara na'urar auna gubar nukiliya a jikin wani yaro, na'urar ta hau ƙara, likitan bai ce komai ba. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1956, an yanke shi, an cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, an rage maganar bam sosai. Sai a 2004 aka zagaya da na asalin a sinimomin Amurka. Kusan shekara 50 ke nan mutanen ƙasashen biyu suna kiran suna ɗaya, kowa da dodon da yake nufi.

Duk kaiju da ya zauna a zukatan mutane yana ɗauke da irin wannan kaya. Mothra ta 1961, ƙatuwar malam-buɗe-littafi, ta zo ƙwato 'yan tsibirinta ne da wani ɗan kasuwa ya sace don nuna su a dandali. Hedorah na 1971 daga dagwalon masana'antu ya taso, a lokacin da gurɓatar ruwa da iska ke kwantar da mutane a Japan. Dodon fim ɗin daraktan Koriya ta Kudu Bong Joon-ho na 2006 ya samo tushe daga abin da ya faru a 2000, lokacin da aka tuttular da sinadarin adana gawa daga wani sansanin sojan Amurka a Seoul ya bi magudana zuwa kogin Han. Shin Godzilla na 2016 kuwa martani ne ga girgizar ƙasa da ambaliyar teku da hatsarin tashar Fukushima na 2011: dodo na turo jiragen ruwa da motoci a kan titi, manyan gwamnati suna tashi daga wannan ɗakin taro zuwa wancan suna neman dokar da ta ba su izinin harbi.

Tsakanin waɗannan, an yi shekarun da nauyin ya zube. Fim ɗin da ya haɗa Kong da Godzilla a 1962 ya ja mutum sama da miliyan 11, ya nuna wa Toho cewa kokawa ta fi makoki kawo kuɗi. Talabijin ta janye manya, aka koma neman yara. Aka zagaye fuskar dodon, aka ƙara masa girman ido, ya yi rawar murna a 1965, ya samu ɗa a 1967, ya tashi sama da hucin bakinsa a 1971, ya yi tsalle da wutsiya ya kai duka da ƙafa biyu a 1973. Kuɗi ya ragu, sai aka riƙa kai faɗan tsibirai da fili fetal inda ba ginin da za a gina, ana sake liƙa tsofaffin hotuna daga finafinan baya. A 1975 tikiti bai kai miliyan ɗaya ba, aka rufe shagon shekara tara. Amma a yi hattara da raina wannan zamani, domin yaran da suka taso da shi su ne suka zama daraktoci da masu sayen kayan wasan daga baya, kuma a wurinsu wannan jarumin mai barkwanci shi ne Godzilla na gaskiya.

Tsayi ma ya zama tarko. A 1954 doka ta hana gini a Tokyo ya wuce mita 31, don haka dodo mai mita 50 yana leƙa kusan kowane rufi. Da aka dawo da shi a 1984 birnin ya tsere masa, aka ɗaga shi zuwa mita 80, sannan 100 a 1991, shekarar da ya yi faɗa a gindin sabon ginin gwamnatin birnin mai mita 243. Amma mutumin cikin rigar bai ƙara tsawo ba. Abin da ya canza shi ne ma'aunin gine-ginen, daga ɗaya bisa 25 zuwa ɗaya bisa 40, sannan ɗaya bisa 50. Taga ta koma kamar ƙwayar wake, mota kamar akwatin ashana, ba wurin sa labule ko allon shago. Dodon ya ƙaru a takarda, ya ragu a ido. A 1999 sai da aka mayar da shi mita 55.

Inda masoya ke ɗaga murya

Babu abin da ya haɗa kansu kamar fim ɗin Amurka na 1998 na Roland Emmerich. An yi watanni ana tallar girman dodon a jikin motocin haya da benaye. Da ya fito, sai ga wani siririn ƙadangare mai kama da damo, yana sheƙa gudu tsakanin benayen New York, yana ɓuya daga jirage masu saukar ungulu, yana cin kifi, a ƙarshe 'yan makamai masu linzami suka kashe shi a kan gada. Giwa a garin wani zomo ce. Masoya suka laƙaba masa sunan da ke nufin Godzilla a suna kawai. Hujjarsu a fili take: abin da ke gudu daga soja dabba ce, Godzilla kuwa annoba ce da soja ke gudu daga gare ta. Toho ta yanke wa wannan halitta rabin suna ta koma Zilla, ta sa ta a fim ɗin 2004, inda Godzilla ya make ta da wutsiya ta faɗa kan ɗakin wasannin nan na Sydney, ya ƙone ta. Faɗan bai kai minti ɗaya ba, kuma an yi shi ne don masu kallo su yi shewa.

Na 2014 na Gareth Edwards ya gyara wannan. Dodonsa mai mita 108 yana tafiya kamar dutse ya tashi, kuma kusan kowane hoto daga inda mutum zai iya tsayuwa aka ɗauke shi: ta gilashin mota, ta tagar filin jirgin sama, ta cikin tabaran sojan da ya diro daga sama. Dabarar ita ce a sa abin da ido ya san girmansa a gaba, a bar dodon ya ƙi shiga allo gaba ɗayansa, a sa hazo da ƙura tsakaninsa da kyamara, tunda abu mai nisa da girma launinsa kan kwanta kamar tsauni a lokacin hunturu. Sai ƙorafi ya sauya. Wasu masu kallo a Japan suka ce ya yi ƙiba. Mafi yawa suka ce an yi musu rowa, domin sau biyu ana gab da fara faɗa sai a yanke, sau ɗaya ma ƙofa aka rufe a fuskar mai kallo. Masu ƙirga minti suka fito da agogo suka ce wajen minti goma kacal ya bayyana. Gaskiya ne, amma na 1954 ma haka yake. Matsalar ba yawan mintin dodo ba ce, mutanen da aka bar mu da su a sauran minti ɗari ne ba su da abin riƙewa, musamman bayan an kashe mutum ɗaya da ke da ciwo a zuciya, wanda Bryan Cranston ya fito a matsayinsa, tun fim bai yi nisa ba.

Hollywood ta ji kukan, ta ba da dodanni har da ƙari. Na 2019 ya kawo Ghidorah da Mothra da Rodan, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, masoya suka rungume shi, ko da yake su ma sun yi gunagunin cewa kowane faɗa cikin dare da ruwan sama ko ƙanƙara ake yinsa. Akwai dalilin hakan. Duhu yana rufe aibin zanen kwamfuta, ɗigon ruwa kuma yana ba ido ma'auni. Idan ya yi yawa ne sai ka rasa wa ke cizon wa. Zuwa 2024 an fito da su rana tsaka, Godzilla ya koma ruwan hoda, shi da Kong suna gudu kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan tsere. Kwamfuta ba ta da rigar kilo 100 da za ta hana ta, kuma kyamarar cikinta tana iya shawagi ta zagaye dodo mai mita 120 cikin daƙiƙa biyu, abin da ba jirgin da zai iya. Da zarar kyamara ta yi haka, ƙwaƙwalwa sai ta yanke cewa abin ƙarami ne. Ƙari a kan haka, yawancin fim ɗin a wata duniya ta ƙarƙashin ƙasa yake, inda ba mota ba mutum ba bene, sai Kong ya koma biri kawai a cikin birai. Duk da haka ya tara sama da dala miliyan 500, don haka masu cewa a bar su su more kokawarsu ba su rasa hujja ba.

Watanni kaɗan kafin wannan, Takashi Yamazaki ya fito da Godzilla Minus One a Japan, da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba, ma'aikatan zane 35, hotunan dabara 610. Ya mayar da dodon mita 50, ya mayar da labarin shekarun 1945 zuwa 1947. Dubi yadda aka shirya harin Ginza. Ƙayoyin bayansa suna ɓallowa waje ɗaya bayan ɗaya daga wutsiya zuwa wuya, kamar ana ɗana bindiga. Ya saki hucin, haske ya tashi can nesa, sai iskar fashewar ta iso daga baya ta share titi, ta kuma dawo da baya ta sake sharewa, sannan baƙin ruwan sama ya sauko kan mutumin da ya tsira yana kururuwa. Wannan jinkiri tsakanin gani da isowa shi ne na walƙiya da tsawa, sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa, kuma kunne yana auna nisa da shi ba tare da an gaya masa ba. A Maris 2024 fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto, karo na farko ga Godzilla cikin shekara 70, ma'aikatan suka hau dandali kowa riƙe da ɗan dodonsa na roba.

Wannan ɗan dodon roba ba ƙaramin abu ba ne a harkar. Tun shekarun 1960 ake sayar da su, kuma masoya na gaske ba sa cewa Godzilla kawai, kowace riga da sunanta: ShodaiGoji ta 1954, KingGoji ta 1962 mai faɗin ƙafa da kan kada, MosuGoji ta 1964 mai gira a murtuke, BioGoji ta 1989 mai haƙora jere biyu. Za su gaya maka yatsun ƙafa nawa kowace ke da su, da wadda ke da kunne da wadda ba ta da shi. Halittar da ta rarrafo daga ruwa a Shin Godzilla, mai ido kamar na kifin da ya kwana a kasuwa, tana zubar da jini ta wuya, an yi ta ne don ta tayar da hankali. Cikin kwanaki masu kallo suka raɗa mata Kamata-kun, da sunan unguwar da ta fara hawa, irin kiran da ake yi wa ƙaramin yaro, aka shiga sayen 'yar tsanarta. Suna da tatsuniyoyinsu ma. Shekaru da dama ana yaɗa cewa fim ɗin 1962 ƙarshe biyu gare shi, Godzilla ya yi nasara a na Japan, Kong a na Amurka. Ba haka ba ne, a duka biyun Kong ne ya taso daga teku ya yi iyo ya tafi.

Rigar roba ta bar manyan finafinan Godzilla tun 2004. A Shin Godzilla kwamfuta ce ta zana dodon, amma motsin na Mansai Nomura ne, ɗan wasan gargajiya na kyogen, aka kuma zana fatar da gangan ta yi kama da roba, hannuwa ƙanana a sandare, tafin a sama. Nakajima ya rasu a 2017, Kenpachiro Satsuma da ya gaje shi a shekarun 1984 zuwa 1995 ya bi shi a 2023. Duk da haka, a bikin da Toho ke yi kowace 3 ga Nuwamba, ranar haihuwar dodon, tana sakin gajeren fim na 'yan mintuna da riga da wayoyi da ƙananan gine-gine na filasta. A 2022, da ake son dawo da Gigan, dodon nan mai ƙugiya a hannu da zarto a ciki, ba a da rigarsa irin ta 1972. Masoya ne suka yi karo-karo aka ɗinka sabuwa.